Farin Dutse a Kan Kabarin Inna

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya ce Iro yaya hanya, wancan ya ce ka gan su da idonka, Malam Sani mai kanti kuma kullum sai ya ce in nuna masa hoto. To babu hoto. Wayar ma babu, wannan da kuke gani a hannuna ta matata ce. Ku gyara zama in faɗa muku sau ɗaya, wanda ba ya nan ya tambayi wanda yake nan, don ba labarin da nake jin daɗin maimaitawa ba ne.

Kun san a nan Kano na girma, amma ba a nan aka binne cibiyata ba. Garinmu Tungar Sabara, wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum ta wajen Gwashi. Ina ƙarami aka kawo ni wurin ƙanin babana na koyi aikin birkila. Inna kuwa tana can tana ginin tukwane har Allah ya karɓi abinsa. Na je jana'izarta. Tukwanen da aka fasa aka jera a kanta kafin a mayar da ƙasa nata ne, waɗanda ta gasa ba ta kai ga kai su kasuwa ba. Da aka gama ni na ɗauki wuyan wani tulu na kafa a wajen kanta don mu riƙa ganewa.

Bayan nan abin da kuka sani ya faru. Aka yi ta shigowa garin, yau a kore shanu, gobe a ɗauki mutum, har kowa ya tattara ya fita. Kawu Mande, ƙanin Inna, ya koma Gummi da iyalinsa. Shi ne ya kira ni cikin bazarar nan, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Iro, masu haƙar zinari sun cinye gonar liman, sun cinye bakin rafi. Yanzu ramukansu na gab da maƙabarta. Kuma ka san Yaya ce a bakin gabas."

Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba. Ina rufe ido sai in ga diga tana sauka a kan Inna. Na ce zan je in kewaye wurin da bulo, in shafa farin fenti yadda ko makaho zai san maƙabarta ce. Matata ta yi kuka, ta kira yayanta ya yi mini faɗa, na ce su yi haƙuri. Na ɗauki cokalin gini da igiyar awo da gwangwanin fenti na kama hanya.

Daga nan zuwa Gusau babu labari, sai zafi da barci. A tashar Gusau abin ya fara sauya. Motar Anka ta cika tun da hantsi amma direba ya ƙi tashi, wai sai motocin can sun fara shigowa, a ji daga bakinsu ko hanya ta yi kyau. Ba wanda yake kiran sunan waɗanda ake tsoro. Sai dai ka ji an ce "mutanen", ko "su wa'e", a kuma rage murya.

Mu a nan in za ka yi tafiya ka ɗauko rigarka mai kyau ka fesa turare. Can akasin haka ake yi. Wani dattijo kusa da ni ya tuɓe babbar riga ya cusa a buhun albasa, ya zauna da wata taguwa duk faci. Wata mata ta cire 'yan kunne ta ƙulle a bakin zane. Dattijon ya dubi hulata da agogona ya ce, "Bakano, wanga ado wa kaka yi wa? Cire su. In an tsai da mu, mai hula mai kyau aka fara fiddawa." Na cire na cusa su a buhunsa, na ji kaina tsirara kamar ɗan kaciya.

Muna barin babban titi muka karya ta hanyar Anka, direba ya kashe waƙa. Shiru. Mota cike da mutane amma ba ka jin komai sai ƙarar inji da tasbihin wata tsohuwa. Duk inda daji ya matso kusa da kwalta sai ya taka mota kamar zai tashi sama, ramuka ba ruwansa da su. Muka wuce wata mota a ƙone gefen hanya, kowa ya kau da kai, ni kaɗai na juya ina kallo har dattijon ya mintsine ni.

A wani shinge jami'an tsaro suka sauke mu aka bincika kaya. Ɗaya ya ɗaga gwangwanina ya girgiza, ya ce mene ne. Na ce fenti. Ya ce in buɗe, don akwai masu kai wa mutanen daji fetur a irin wannan gwangwani. Na buɗe ya leƙa ya ce in tafi. Direba na ta danna oda, na maida murfin cikin gaggawa ban buga shi ya zauna ba. Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani rami, gwangwanin ya kife tsakanin ƙafafuna. Jama'a, tun daga gwiwa har tafin ƙafa na zama fari fat. Takalmin dattijon ma ya samu rabonsa. Nan ne kaɗai aka yi dariya a tafiyar nan, ita ma ƙasa-ƙasa. Direba ya zage ni tas, kuma da gaskiyarsa. Fenti dai ya tafi ke nan.

La'asar ta yi mana a Anka, aka ce babu motar da za ta ƙara gaba. Direban da ya zage ni shi ya kai ni zauren surukinsa na kwana, tare da wasu mutane da suka gudo daga ƙauyukansu. Aka kawo mana hoce, wani abu na dawa da ake gasawa, mai ɗan tsami, da kunu. Na daɗe ban ci ba, ɗanɗanonsa ya tuna mini da Inna. Zan kai hannu sai mai gidan ya riƙe ni ya ce in wanke da sabulu tukuna. Ya ce ƙurar dutsen zinari akwai gubar dalma a ciki, ta sha kashe yara a Duza da wasu garuruwa, shi ya sa ba su cin abinci kusa da injin niƙan dutse, ba su kuma barin yaro ya yi rarrafe inda aka shanya shi.

Da safe kafin motar Gummi ta cika na ɗan zaga. Garin tsoho ne ƙwarai, ka ga gini ka san kakannin kakanni suka yi shi. Na tarar da wani mutum yana sarar ragowar wata tsohuwar katanga yana lodin ƙasar a kura. Na ce, "Malam, wannan ai tarihi ne." Ya ce, "Tarihin ka iya hana ruwa shigo mini ɗaki?" Na ɗebi ƙasar na murza a hannu, a matsayina na magini, wallahi ƙasa ce mai kyau, da ni ne ma sai na yi ta maza kafin in ƙyale. Gaba kaɗan ga wata tsohuwar maƙabarta ba shinge, awaki na kiwo a kai, an yi hanyar babur ta tsakiya. A nan cikin gari ke nan, inda ake da mutane. Sai na tuna tamu da ke can ba kowa.

Gummi ta fi sakin jiki. Ga shinkafa, ga kifi, ga hayaniyar kasuwa, har ka manta na ɗan lokaci. Na sami Kawu Mande a wani ɗaki na aro bayan injin casar shinkafa. Mutumin da na sani da rumbuna da doki, yanzu buhu yake ɗinkewa. Ya rame, amma bakin nan nasa yana nan. Ya dubi ƙafafuna da fenti bai gama fita ba ya ce, "Kano yanzu haka aka ƙunshi?" Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi, muka ci, sannan na shimfiɗa masa shirina na bulo da siminti.

Bai bari na kai ƙarshe ba. "Kai ɗana, hankalinka ɗaya? Ka kai siminti can? Duk wanda ya ga katangar bulo cikin daji ya san mai ita na da abin hannu, kuma yana da dangi. Kahin sati su san ɗakin da nike kwana." Na ji haushi, na ce to me za mu yi, mu zuba ido? Ya ce aguwa za mu dasa, kamar yadda aka saba. Ku da ba ku san ta ba, wata itaciya ce mai farin ƙaro da ake shingen gona da ita. Dabba ba ta cin ta, ba a yin girki da ita, ba wanda zai sace. Reshe kawai ake sara a soka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, in damina ta zo sai ta kama. In aka bari ruwa ya fara, ruɓewa take. Kuma duk ɗan ƙasar nan in ya ga aguwa ta kewaye fili babu shuka a ciki, ya san mutane ne kwance.

Ba a shiga wajen nan haka kawai, sai an aika an nemi izini wurin mutanen daji. Wanda ya yi mana wannan shi ne Baffa Jaɓɓi, wani tsohon makiyayi da rugarsu take bayan garinmu tun ina yaro. Shi ma an kore masa shanu, shi ma iyayensa suna cikin maƙabartar nan, don tare ake binne namu da nasu. Ya aika ta bakin wani mai kai nono, amsa ta dawo cewa mu zo da rana mu fita da rana. Ya kira ni da sunan Inna ya ce, "Ɗan Hajo, sunka ce to. Amma to ɗin mutum ɗaya ce, daji kuwa ba na mutum ɗaya ba ne."

Muka fita da sassafe mu uku a kan babura, da diga da shebur da adda na aro. A bakin gulbi masu baburan suka tsaya, suka ce iyakarsu ke nan. Ba shinge, ba allo, ba wanda ya tambaye mu takarda, amma ban taɓa tsallaka iyakar da ta kai wannan ba. Ruwan ya ja baya, iya cinya ne, muka naɗe wando muka ratsa.

A ƙetare Baffa Jaɓɓi ya koya mini tafiya, ni da furfurata. Kada in rataya diga a kafaɗa, daga nesa kamar bindiga take, a ka ake ɗorawa. Kada in nuna komai da yatsa. In na ji babur kada in gudu, kada in waiwaya, in tsaya inda nake. Muka bi sawu ɗaya, shi a gaba, Kawu a baya. Gonaki duk sun zama sabara da ƙaya. Ko zakara ba ka ji.

Garinmu kuwa, ba zan daɗe a kansa ba. Rufin ɗakuna ya rufta, an ciccire ƙofofi. Na ga murhun da Inna take gasa tukwane, ciyawa ta fito a ciki. Kawu bai ko kalli gidansa ba, ya wuce da kansa a ƙasa.

Maƙabartar tana bayan gari, kuma abin da Kawu ya faɗa bai kai abin da na gani ba. Ramuka ne baƙi ƙirin, wani kusa da wani, kowanne da tulin ƙasa a bakinsa, sun taho tun daga rafi kamar gidan gara. Na ƙarshen, in ka tsaya a bakinsa ka yi tofi zai sauka a kan kabari. Can nesa muka hangi masu haƙar, jikinsu duk ƙura, da jin maganarsu ba 'yan ƙasar ba ne. Suka ɗago suka dube mu suka mayar da kai. Wataƙila ma ba su san me ke gabansu ba, don kaburburan duk sun kwanta, ciyawa ta rufe.

Na tuɓe takalmi na shiga. Wuyan tulun yana nan inda na kafa shi, ya ɗan karkace. Na durƙusa na yi mata addu'a, na yi kuka mai isata, ban ji kunyar kowa ba.

Aka raba aiki. Kawu da Baffa Jaɓɓi suka tafi tsohuwar gonar liman saro aguwa, ni aka bar ni in ja layi in tona inda za a soka. Na ja igiya na fara. Ina tonawa ina kallon kabarin Inna, raina yana cewa wannan ɗan guntun tulu ai bai isa ba. Da fentina yana nan da na shafa wa wani abu. Sai idona ya kai kan wasu duwatsu a gefen rafi, farare tas, suna ƙyalli a rana. Na ce Alhamdulillahi, ga fentin Allah. Na yi ta jido su a gaban riga, na kewaye kabarin da su, na jera su daidai da igiya yadda nake jera bulo, manya a wajen kai. Na ja baya na duba. Wallahi ya yi kyau, har na ciro waya zan ɗauka.

Sai na ji an yar da dami a bayana. Kawu ne. Fuskarsa ta sauya. "Iro, mi ka yi? Innalillahi! Wanga dutse shi suka bi! Duk inda farin dutse ya hito, nan zinari yake, nan aka haƙa. Ka ɗauko shi ka aza ma Yaya bisa kai?"

Kafin in buɗe baki muka ji babura.

Na tuna abin da aka ce, na tsaya inda nake. Amma na ji fitsari na neman kufce mini. Suka zo suka kewaye mu, kowane babur da mutum biyu, kowa da bindiga, wasu da rawani wasu da hular sanyi cikin wannan zafi. Yawancinsu na isa in haife su. Babbansu wani siriri ne mai jan ido, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Baffa Jaɓɓi ya gaishe su, ya yi musu bayani da Hausa, ya sake da Fillanci, ya faɗi wanda ya ba mu izini. Siririn ya ce, "Shi ya ba ku. Ni ban ba ku ba." Ya sauko ya zaga. Ya dubi diga, ya dubi layin da na tona, ya zo ya tsaya a kan fararen duwatsun da takalminsa. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a rana.

"Wa ya gano wurin ga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kabari ne. Mahaifiyata ce."

Suka yi dariya. Ashe an sha yi musu haka. Mai haƙa in ya dace da jijiyar zinari ba ya son a sani, sai ya mayar da ƙasa ya tula ta kamar kabari, ya kafa guntun tukunya, ya dawo daga baya shi kaɗai. Ga baƙo daga birni, ga diga, ga igiyar awo, ga farin dutse an jera. Ni kaina da ni ne su, ban ga abin da zai sa in yarda ba.

Ya ce, "Tona mu gani."

Na ce ba zan iya ba. Na rantse da Allah, na rantse da Alƙur'ani. Kawu ya durƙusa yana roƙo, yana lissafa masa waɗanda ke kwance a wurin, liman wane, ungozoma wance. Siririn bai ko dube shi ba. Ya yi wa wani alama da ido, sai ga bakin bindiga a ƙeyar Kawu. Ya jefo mini digar a gabana.

Jama'a, na bar Kano don kada diga ta taɓa Inna. Ga ni tsaye a kanta, digar a gabana, kuma ni aka ce in sara. Na dubi Kawu, idonsa a rufe yana salati. Ita ta riga ta tafi, shi yana da rai. Na ce a raina, Inna ki yafe mini.

Amma digar ban ɗauka ba. Na ce, "Zan tona, amma da wannan." Na ciro cokalin gini daga ƙugu. Ya ɗaga kafaɗa. Na durƙusa ta wajen ƙafafu, ba ta wajen kai ba, na fara kankare ƙasa ina kwashewa da hannu. Ƙasar ta bushe kamar ƙarfe. Farcena ya fashe, gumi na shiga idona, ba na ganin komai sosai. Ɗaya daga cikinsu, wani mai tabo a kumatu, sai cewa yake in yi sauri, yana zungurina da ƙafa. Ina tonawa ina karanta duk abin da ya zo bakina, har addu'ar cin abinci na ji na karanta.

Ruwan shekaru ya riga ya cinye tudun, don haka ban kai zurfin damtse ba cokalin ya daki wani abu, ƙwas. Suka matso gaba ɗaya. Na ajiye cokalin na share da tafin hannu. Bayan tukunya ne, ja, a kife. Na ƙara sharewa sai ga zanen. Inna tana da wani zane da take yi da totuwar masara, ta mirgina ta a kafaɗar tukunya tun tana ɗanya, sannan ta dangwala babban yatsa a ƙarƙashi. Ga shi nan. Ga gurbin yatsanta. Na sa nawa yatsan a ciki.

Daga nan ban ƙara tona ko ƙwayar ƙasa ba. Na zauna dirshan na ce, "Ga ta nan. In za ku harbe ni ku harbe ni, amma ba zan ɗaga tukunyar nan ba." Ba jarumta ba ce, kada ku ɗauka haka. Ƙarfina ne ya ƙare.

Siririn ya sunkuya ya leƙa. Ya ga tukunyar, ya ga gefen ta kusa da ita, an jera su baki da baki an liƙe da laka yadda ake yi wa mamaci. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga ya ja ƙafarsa baya daga kan duwatsun. Ya ce, "Ruhe ta." Ya juya ga mai bindigar ya ce ya bar tsoho. Sannan ya ce da ni, "Kai wawa ne, Bakano. Kwashe duwatsun ga. Wanda za ya zo bayana ba ya tambaya."

Suka karɓe wayoyinmu, suka ɗauki diga da shebur, suka hau babura. Amma mai tabon nan bai gamsu ba. Na ji yana ce wa na kusa da shi ai ƙarƙashin tukwanen ne ba a duba ba. Har suka yi nisa yana waiwayen wurin, yana duban bishiyar da ke kusa, kamar mai auna wuri a ransa.

Baffa Jaɓɓi ma ya gani. Ya ce, "Wancan zai dawo. Ba yau ba, amma zai dawo shi ɗaya."

Na kwaɓa laka da ruwan goranmu na sha, na liƙe inda na buɗe, na mayar da ƙasa na daddanna. Na kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya na mayar rafi, na watsa su yadda na same su. Na dawo zan gyara wuyan tulun ya tsaya daidai, sai Kawu ya dafa ni.

"Shi ma cire shi, ɗana."

Na ce, "Kawu, in na cire da me za mu gane ta?"

Ya ce, "In mun gane ta, shi ma ya gane ta."

Na cire. Muka baje wurin ya yi daidai da ƙasa, muka share sawu da reshe, muka watsa busasshiyar ciyawa da ganye a kanta da kan na kusa da ita duka, har wurin ya zama ɗaya. Bishiyar da mai tabon ya auna, Baffa Jaɓɓi ya sassare mata rassan da ke nuna wajen. Sannan muka koma kan aguwa. Babu diga, da cokali da adda da tsinken itace muka yi ta soka ta, ƙaronta na cin hannu, muka fara da gabas inda ramukan suke. Ba mu kewaye duka ba, rana ta karkata Baffa ya ce mu tafi. Da muka kai bakin maƙabartar na juya don in yi mata sallama, na duba, na sake dubawa. Ban san inda zan kalla ba.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kai. Na san mun ratsa gulbi, na san na kwana biyu a Gummi zazzaɓi na kaɗa ni, na san wata mata a mota ta ba ni fura na kasa haɗiya. Hulata da agogona ma a buhun dattijon nan na manta su tun zuwa.

Bayan ruwa ya sauka Kawu ya kira a wayar matata. Ya ce mai kai nono ya bi ta wurin, aguwa ta kama, ta yi ganye. Ramukan sun zagaya ta kudu, ba su tsallaka shingen ba, har zuwa ranar dai. Ya ce an ga inda wani ya ɗan tona a ciki wuri biyu ya bari, duk ba a kanta ba, a yadda yake zato. Na ce, "Kawu, a yadda kake zato?" Ya ce shi ma ba zai iya rantsuwa ba.

To Malam Sani, ka ce in nuna maka abin da na je na yi. Ka shiga ɗakina ka duba kan taga, za ka ga wuyan tulu, ja, da zanen totuwa. Shi na kawo. Inna tana can cikin aguwa, ba wanda ya san inda take, har ni da ta haifa.